Sunan da Na Ƙara a Littafin Yaya Yusha'u

Shekara arba'in ke nan da muka kai wana, Malam Yusha'u, makwancinsa a Kankiya. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya in kankare daga rayuwata, ba zan yi dogon tunani ba. Akwai wani hantsi da na zauna a zauren wani mai unguwa a Kusada, Yaya yana tsaye yana dubana, ana jiran mutum ɗaya ya buɗe baki ya wanke wani bawan Allah daga zargin kisan kai. Ni ne mutumin, kuma ban buɗe bakin ba.

Na san abin da aka saba a shafi irin wannan shi ne a jero kyawawan halayen mamaci, a yi masa addu'a, a tashi. Ni ma da haka na so yi. Amma duk ta inda na ɗauko halin Yaya sai in tarar da zauren nan a gabana, domin a nan na ga girman mutuncinsa, a nan kuma shi ya ga iyakar nawa. Karatuna bai yi nisa ba, daga elementare na koma kan keken ɗinki, don haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda maganar za ta zo.

Yaya shi ne ɗan bokon gidanmu. Ya yi makarantar midil a Katsina, ya dawo aka ɗauke shi malamin dabbobi. Lokacin Turawa suna nan da ƙarfinsu. Aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura, wani lokaci tare da Baturen dabbobi in ya zo rangadi. Ɗaya daga cikin Turawan nan ne, ranar da zai tashi daga bariki, ya miƙa masa wani littafi mai kauri da ya gama karantawa, ya ce ya riƙe ya ƙara Turanci.

Littafin ƙagaggen labari ne. An kafa shi a wani birni na ƙasar Italiya, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, zamanin da attajiran can da manyan coci ke gasar ɗaukar gwanayen zane su ƙawata musu gine-gine. Wani tsohon gwani yana cikin zana bangon wani babban ɗakin ibada, sai aka wayi gari aka tarar da gawarsa a ƙarƙashin katakon da yake hawa, aiki bai ƙare ba. A bakin kofin da ya sha ruwa an ga ɗan shuɗi-shuɗi. Mutum uku ake zargi: attajirin da ya ba da aikin, da wani mai zane abokin gabarsa, da mutumin da ya daɗe yana niƙa masa launi. Sauran littafin duk neman wanda ya kashe shi ne.

Yaya ba ya iya jin daɗin abu shi kaɗai. Ranar Juma'a bayan la'asar, in ba ya daji, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya karanta babi ɗaya, yana mayar da shi Hausa. Cikin mako yakan yi ta fama da babin nan shi da ƙamus. Sunayen mutanen sun yi wa bakinmu nauyi, sai ya raɗa musu wasu: Gwani, Attajiri, Abokin Gaba, Mai Niƙa. Ya kuma ɗora wa kansa doka. Ba zai leƙa ƙarshen littafin ba, tare za mu isa. Kuma kafin ya fara kowane zama sai ya ɗaga littafin sama, ya ce wannan ba tarihi ba ne, wani ne ya zauna ya ƙaga, ba a yi Gwani ba balle a kashe shi.

Mukan gyaɗa kai, amma ba na jin mun gane. A wurinmu ƙarya mai daɗi ita ce tatsuniya, wadda tsofaffi ke yi wa yara a tsakar gida. Abin da aka rubuta a takarda kuwa, har namiji mai gemu ya zauna da rana yana karantawa, ko dai addini ne, ko tarihi, ko umarnin hukuma. Ba mu san akwai wani gurbi bayan waɗannan ba.

Kafin a yi nisa tabarma ɗaya ta kasa. Akwai Kofur Mati, tsohon soja, wanda ya ce shi ya yaƙi Italiyawa a Habasha, saboda haka kowa ya yi shiru in ana maganarsu. Tun ranar farko ya yanke hukunci cewa Attajiri ne. Ya ce mutumin da ke gyara gashin baki kafin ya fita ba zai ɓata hannunsa ba, sai dai ya sa a yi masa. Akwai wani Bafillace daga wajen Tafashiya da kan tsaya da sandarsa a kafaɗa, shi damuwarsa ɗaya ce: don me za a wahala a zana fuskar mutum alhali mutumin yana nan da ransa? Ya ce shi shanunsa duk ya san su, ba wanda ya zana masa ko ɗaya. Magina biyu sun kusa dambe a kan ko zai yiwu a yi zane a kan ɗanyen yaɓe launin ya kama. Limamin unguwarmu da faɗa ya fara zuwa, don ya ji an ce a farkon littafin akwai hoton wata mace lulluɓe da shuɗin mayafi tana riƙe da jariri. Yaya bai yi musu ba, ya samo takarda ya manne hoton. Liman ya ce to zai ɗan zauna don ya tabbatar ba a karanta saɓo ba. Daga ranar bai ƙara fashi ba, kuma shi ne ya fara lura cewa kukan da Abokin Gaba ya yi a wajen jana'iza ya yi yawa. Mata kuma suna bayan katanga. Matar Yaya takan ce masa su maza duk sun ɓata, 'yar Gwani ce ta san abin da ta ƙi faɗa.

Yanzu in na ga 'yan mata suna karɓar hayar littattafan labari a kasuwa, ko na ji ana karanta su a rediyo gida-gida an kasa kunne, sai Yaya ya faɗo mini a rai. Na tabbata da ya yi murna, domin burinsa ke nan, a ce Bahaushe ma ya zauna ya ƙaga irin wannan da harshensa. Amma kuma na ji an ce akwai masu wasan kwaikwayo da ake zagi a kan hanya saboda mugun halin da suka fito da shi a bidiyo. In haka ne, da sai ya tambaya ko har yanzu akwai mai ɗaga littafi sama kafin ya fara.

Ga inda na shigo. Ni tela ne, a lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu, ba yaro ba ne da za a ce ƙuruciya. Duk ranar kasuwar Kusada nakan ɗora keke a kan jaki in tafi, in kwana, in dawo. Ina da rumfa a ƙofar gidan wani mutum ana ce masa Ɗan'asabe. Ɗinki aiki ne na jira, mai riga yana zaune kana yi. Wata rana don in ɗebe wa masu jira kewa sai na fara ba su labarin Gwani. Mako mai zuwa na tarar da mutane a rumfar tun ban sauke kaya ba, har da 'yan Dudunni waɗanda ba su da abin ɗinki. Ban taɓa samun irin wannan ba. A gida Yaya ake saurare, ni ina gefen tabarma. A Kusada kuwa ni ne mai littafi.

Kuskurena na farko shi ne na yar da jawabin nan na Yaya. Na gwada faɗinsa sau ɗaya, na ga fuskoki sun yi sanyi, wani har ya ce ashe tatsuniya ce za a yi mana da rana. Daga nan na daina. Nakan fara da cewa wannan daga littafin Bature ne, wana ya karanta da idonsa.

Na biyu kuma, na riƙa kawo misali da abin da suka sani. In na zo kan ɗakin ibadar sai in ce ya fi masallacin Juma'a tsawo. In na zo kan launin nan mai tsada da ake niƙawa daga wani dutse, sai in ce ku ɗauka kamar shuni ne mai kyau. Kusada tana da marina a lokacin, maganar shuɗi ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Ranar nan wani ya tambaye ni mene ne tsakanin Gwani da Mai Niƙa, ɗansa ne ko baransa. Na duba can gefen karofi, wato wajen ramukan rini, na hango Isiyaku yana shanya zane. Sai na ce ba ɗa ba ne ba bara ba ne, kamar dai Isiyaku da marigayi Malam Barmo.

Malam Barmo tsohon marini ne, ya rasu a daminar da ta wuce bayan ciwon ciki na kwana kaɗan. Bai bar ɗa namiji ba. Isiyaku mutumin Rimaye ne, ya zo wurinsa tun yana saurayi, ya yi masa aiki har furfura ta fara fito masa. Kafin tsohon ya cika ya faɗa a gaban shaidu cewa Isiyaku ya ci gaba da rini a ramukansa yana ciyar da iyalinsa. Wannan magana ba ta yi wa 'ya'yan 'yan'uwansa daɗi ba. Babbansu shi ne Ɗan'asabe, mai ƙofar gidan da nake ɗinki. Duk na san wannan. Ban yi nufin komai ba, amma na sani.

Na uku shi ne mafi muni. Yaya ya tafi rangadi mai tsawo, karatu ya tsaya a Kankiya, ni kuwa a Kusada an matsa mini. Kowa yana cewa in daina ja musu rai, wa ya kashe Gwani? Na ji kunyar in ce ban sani ba. Na tuna shuɗin bakin kofi, na canka. Na ce Mai Niƙa ne, ya zuba masa launi mai guba a ruwan sha don ya gaje aikinsa. Na faɗa kamar na gani a rubuce. Rumfar ta yi tsit. Na ɗauka daɗin labari ne.

Kasuwa biyu bayan nan na fara jin labarina yana dawo mini da wata kama. Italiya ta fita daga ciki. Yanzu cewa ake Turawa sun bincika mutuwar Malam Barmo sun rubuta a littafi, tunda su ba abin da ke ɓuya musu, gonaki ma sun auna, shanu sun ƙirga. An ce sunan Isiyaku yana ciki. An je an tambayi matar marigayin ko ta ga shuɗi a bakin ƙwaryar furarsa, ta ce ta gani. Ba ƙarya ta yi ba. A gidan marini ba ƙwarya, ba ludayi, ba ƙofa da ba ta da shuɗi. Hannun Isiyaku ma har gwiwar hannu shuɗi ne, haka na kowane marini. Amma yanzu in ya miƙa hannun a masallaci sai a ga mutum ya shagala da gyaran hula.

Wata ranar kasuwa Isiyaku ya zo rumfata da kansa. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya jira har masu ɗinki suka ragu. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Malam Ilu, an ce sunana na cikin littafin wanka. Ni ban yi karatun boko ba. Don Allah mi aka ce na yi?" Ɗan'asabe yana zaune a dakalinsa yana jinmu. Na sunkuyar da kai kan keke, na ce masa ni ba ni ke karantawa ba, sai ya tambayi mai littafi.

Da haka maganar ta koma kan Yaya. Ɗan'asabe da ƙannensa suka kai ƙara wurin mai unguwa, suka ce a kira malamin dabbobi ya zo da littafin, in abin ya tabbata a wuce da Isiyaku gaban alƙali. Saƙon ya tarar da Yaya ranar da ya dawo daga daji.

Ya kira ni bayan gida, inda yake ɗaure kekensa. Bai ɗaga murya ba. Ya sa na faɗa masa komai daga farko, yana tambaya kamar yadda yake tambayar makiyayi yaushe saniya ta daina cin ciyawa. Da na gama ya ce abu mai sauƙi ne, zai karya dokarsa ya karanta ƙarshen. In ya nuna musu cewa ko a littafin ma ba Mai Niƙa ba ne, magana ta mutu. Ni ma hankalina ya kwanta, don a raina na fi yarda da Kofur Mati.

Ya yi kwana biyu bai fito tabarma ba. Da safen da za mu tafi na same shi yana ba taya iska. Bai ɗago ba ya ce, "Ilu, ka canka daidai. Mai Niƙa ne."

Ya ce yanzu littafin ba zai ceci kowa ba. In ya faɗi gaskiyar ƙarshensa, za a ce ga shi Bature ya tabbatar. In ya yi ƙarya ya ce Attajiri ne, ya yi shaidar zur a gaban dattawa, kuma akwai 'yan boko a ƙasar nan da wata rana za su iya buɗe littafin. Ya ce saura hanya ɗaya. In tashi in faɗa da bakina cewa ni na sako sunan Isiyaku don misali, kuma lokacin da na ce Mai Niƙa ne ba wanda ya karanta wurin. Ya ce, "Za a yi maka dariya, wataƙila a zage ka. Ba za ka mutu ba. Shi kuwa ana iya ɗaure shi." Na ce masa zan faɗa. A lokacin da gaske nake.

Zauren ya cika har waje. Mai unguwa dattijo ne mai adalci, ban ɗora masa komai ba. Isiyaku yana zaune shi kaɗai a gefe, ya ɓoye hannuwansa cikin riga. Ɗan'asabe da 'yan'uwansa suna ɗaya gefen, ni kuma ban san yadda aka yi na sami kaina kusa da su ba. Yaya ya miƙe, ya ɗaga littafin sama kamar yadda ya saba. Ya ce ƙagagge ne, an rubuta shi a wata ƙasa, marubucin bai san akwai wani gari Kusada ba. Ya ce ya bi shi shafi-shafi, babu sunan Isiyaku, babu na Malam Barmo, kuma a shirye yake ya rantse a kan haka.

Ɗan'asabe ba wawa ba ne. Ya ce ya ji, ya yarda. Amma tunda ƙage ne ba abin ɓoyo, Malam ya faɗa wa jama'a, a cikin littafin wa ya kashe tsohon?

Yaya ya ce wannan ba ta shafi zaman ba. Aka fara gunaguni. Mai unguwa ya ce Malam ya taimaka ya amsa don a huta. Yaya ya ce da girmamawa ba zai amsa ba, domin duk abin da ya faɗa za a ɗauke shi a aza wa mutumin da ba ruwansa. Sai ya ce amma akwai wanda ya san yadda sunan Isiyaku ya shiga maganar nan. Bai kira sunana ba. Ya juyo ya dube ni kawai.

Na sha tambayar kaina abin da ya riƙe ni. Na ji tsoron bulalar alƙali in aka ce na ɓata sunan mutum. Na tuna rumfata a ƙofar gidan wa take. Amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi nauyi shi ne fuskokin nan, waɗanda suka saba zuba mini ido a kasuwa, su gane cewa mai littafin nasu ɗan kai saƙo ne, saƙon ma ƙara masa yake. Na dubi tabarma. Ina jin numfashin Isiyaku daga inda nake. Yaya ya jira, ya jira, har shirun ya zama abin kunya. Sannan ya juya ga mai unguwa ya ce shi ya kawo littafin ƙasar nan, shi ya karanta wa mutanen da ba su saba da irinsa ba, duk ɓarnar da ta biyo baya a rubuta a kansa.

Mai unguwa ya ce ba hujjar da za a kai wa alƙali. Don a rufe bakin mutane ya nemi Isiyaku ya rantse, aka kawo Alƙur'ani, ya yi alwala ya rantse bai cuci maigidansa ba. Aka watse. A shari'a ya fita. Amma tun kafin mu kwance jaki na ji ana cewa in ba shi ba ne, me ya hana malamin faɗa?

A hanyar dawowa Yaya ya tura kekensa a ƙasa muka jera. Har ya bar duniya bai tayar da maganar ba. Ya ci gaba da aiko wa 'ya'yana tsaraba, ya ci gaba da kawo mini ɗinkinsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Isiyaku bai kai kaka a Kusada ba. Mata suka daina aika masa zane, mahauta suka daina karɓar kuɗi daga hannunsa sai ya ajiye a ƙasa. Ya kwashe iyalinsa ya tafi, aka ce wajen Maraɗi. Ramukan suka koma hannun su Ɗan'asabe, waɗanda ba su iya rini ba, cikin 'yan shekaru suka zama juji. Na yi niyyar bin sawunsa sau da yawa. Lokacin da na tashi da gaske, na sami wanda ya san shi a can, ya ce ai ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun watsu.

Karatun Juma'a kuma bai dawo ba. Yaya ya mayar da littafin bariki ya ajiye. Kofur Mati ya yi ta binsa yana roƙo, yana cewa ko a kunne ne a raɗa masa Attajiri ne don ya mutu da sani. Liman da kansa ya zo ya ce a ƙarasa, ba laifi. Yaya yakan yi murmushi ya ce aiki ya yi yawa. Sanƙarau ya ɗauke shi a wata bazara, ana ta shirye-shiryen tafiyar Turawa. Bai ga mulkin kai ba. Mutumin da ya fi kowa son labari a garinmu ya yi shekarunsa na ƙarshe bai ƙara ba kowa labari ba, kuma ni na jawo.

In na auna abin da ya rage na Yaya, sai in ga ba yawa a ido. Bai bar gida na bulo ba. Fulanin da suka san allurarsa sun ƙare. A Kankiya in ka ce Malam Yusha'u mai karatun Juma'a, sai dai tsoho ɗaya ko biyu su ɗaga kai. Abin da na riƙe nasa shi ne tsayuwar nan. Yana da ƙarya a hannu wadda za ta kashe wutar nan take, ya ƙi. Yana da gaskiya wadda za ta ɗaure marar laifi, ya haɗiye ta. Yana da sunan ƙanensa wanda zai wanke shi kansa, ya bar mini in faɗa da kaina, don yana ganin zan iya. A wannan kaɗai ya yi kuskure.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wani abu da ya faru da ni bayan sallar layya. Na je Kusada gaisuwar rasuwa, na tsaya jiran mota kusa da inda karofin take a da. Yanzu shaguna ne. Wani magidanci mai sayar da man fetur a kwalba ya ba ni benci. Da na ce masa na san wurin tun ana rini, sai ya gyara zama ya ce to ai akwai tarihi a nan. Ya ba ni labarin wani marini da ya kashe maigidansa da shuni don ya gaji ramuka, asiri ya rufu, sai da Turawa suka tono shi a littafi. Har sunan ya sani. Ya ce shi ya sa har yau a danginsu ba a aure daga zuriyar mutumin.

Na ce masa ba a yi haka ba. Na ce littafin na wata ƙasa ne, sunan ba ya ciki, ni na sa shi, a rumfar da take can inda mai shayi yake yanzu. Abin da na kasa faɗa a zaure na faɗe shi a bakin titi. Ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa tsoho in ya fara ruɗewa. Ya ce, "Baba, ka dai manta. Kakana yana wurin, da kunnensa ya ji. Malamin ma da aka tambaye shi kasa musawa ya yi."

Mota ta zo, ya taimaka mini na hau.

Tunda takarda ce aka yarda da ita a wancan lokaci, ga takarda. Isiyaku marini, mutumin Rimaye, bai kashe Malam Barmo ba. Ba Baturen da ya rubuta sunansa. Wana bai yi shiru don ya san wani abu a kansa ba, ya yi shiru ne don ya kare shi. Duk wanda wannan shafi ya isa hannunsa a Kusada, ko Dudunni, ko wajen Maraɗi, ina roƙonsa ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman in akwai jikan Isiyaku a kusa. Su yafe mini in za su iya. In ba za su iya ba, ban ga laifinsu ba.

Ku kuma masu karatu, kada ku yi irin tawa. In za ku kai labari gaba, ku kai shi da sunayen da kuka same shi, kada ku ara masa na maƙwabci don ya yi daɗi. In kuma bakinku ya riga ya jawo wa wani, ku tashi ku faɗa tun mutumin yana zaune a gabanku yana jira. Ni na jira har ba wanda zai yarda da ni.

Allah Ya jiƙan Yaya Yusha'u, Ya jiƙan Isiyaku da Malam Barmo, Ya sa kabarinsu ya fi nan sauƙi.